Me za mu kira "stalemate" a takardar dokokin gasar yara?

Sakataren kulob: Assalamu alaikum. Ana rubuta wa yaran Anguwan Rogo da Bauchi Road dokokin gasar ces (chess) da Hausa: zagaye 5, tsarin Suwis (ba a fitar da kowa, kowane zagaye ana haɗa masu maki kusan ɗaya), minti 15 ga kowa da ƙarin daƙiƙa 10 bayan kowane motsi. Kalma ɗaya ta tsaya, "stalemate". Na sa canjaras, ko akwai gyara?

Alƙalin gasa: Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, canjaras sakamako ne, hanyoyin kai wa gare shi kuma da yawa: 'yan wasa su yarda da juna, ko tsayuwar allo ɗaya ta maimaitu sau 3, ko kowa ya yi motsi 50 ba a ci komai ba kuma ba a taɓa soja ba, ko kayan da suka rage ba za su iya kashe sarki ba. Wannan da muke nema daban yake. Layinka ne, ba a kai wa sarkinka hari ba, amma ba ka da motsi ko ɗaya da doka ta yarda da shi. Nan take wasa ya ƙare, ba sai wani ya nema ba, kowa rabin maki.

Mai koyar da yara: To kunnen doki fa? Ko kiki-kaka, yadda 'yan jarida ke cewa?

Alƙalin gasa: Malama, doki yana kan allo. Ki ce kunnen doki, yaro zai sa ido yana neman dokin. Kiki-kaka kuwa ɓangare biyu ne suka kafe, nan kuma mutum ɗaya ne ya rasa wurin zuwa.

Dattijon kulob: Ku lura da inda rigima take tasowa. Yaranmu da yawa da dirafti suka fara, can kuwa wanda aka toshe shi ne ya faɗi. Sai yaro ya ajiye sarauniya a c7 (sunan gida ne a allo, harafi da lamba), sarkin abokin wasa yana a8 shi kaɗai, ya miƙe yana murna. Duba allon: a7, b7 da b8 duk sarauniya ta tsare, amma a8 ɗin kansa ba ta taɓa shi ba. Ya zubar da rabin maki yana da sarauniya sukutum. Haka yake da soja: farin sarki a e6, sojansa a e7, baƙin sarki a e8, layin baƙi ne. An gama. Kada ma ku ga laifin yaran, a Ingila an daɗe ana ba wanda aka toshe nasara, sai a ƙarni na 19 aka tsaya a kan canjaras. Kalmar da za mu zaɓa dole ta nuna sarki yana da rai. Ni kulle nake gani.

Mai koyar da yara: Baba, ɗaurin talala ya zo mini, amma wanda aka yi wa talala yana ɗan kewayawa. Ya fi dacewa da giwa, ɗaya daga kayan wasan, idan tana tare wa sarkinta hari, tana iya tafiya a layin kawai. Kulle ya yi, ga shi gajere. Zan riƙa ce musu: idan abokin wasa ya rage da sarki kaɗai, kafin ka saki sarauniya ka ƙirga gidajen da suka rage masa. In babu, kuma ba hari kake kaiwa ba, kulle za ka yi.

Alƙalin gasa: Na yarda, da sharaɗi. A rubuta cewa kulle ba na sarki kaɗai ba ne. Idan akwai soja ɗaya can gefe da zai iya matsawa, babu kulle, dole a tura shi. Nan ne ƙananan alƙalai suke yanke hukunci da gaggawa.

Sakataren kulob: Shi ke nan. A takardar sakamako za a rubuta ½-½, a gefe a sa "kulle". Malama, a turo mini hoton allon a8 da c7 kafin Alhamis, a buga shi a bayan takardar.