Wa ya taɓa ɗaukar gogaggen injiniyan bayan fage a Kumasi?

Mai tambaya, Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Muna da manhajar adashi ta 'yan kasuwar Kejetia, zubi na shigowa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Yaran da suka gina ta sun iya fuskar manhaja, amma da mutane suka yi yawa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan manhajar, ta fara gazawa. Muna neman gogagge ya riƙe mana bayan fage, wato ɓangaren sabar da masu amfani ba sa gani, a AWS, sashen kamfanin Amazon mai ba da hayar sabar. Ku da kuka taɓa ɗauka, yaya kuka yi?

Hajiya, Asawase: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada takardar neman aiki ta ruɗe ka, kowa yanzu sunayen manyan kayan aiki irin su Kubernetes da Kafka yake jerawa. Ni tambaya ɗaya nake yi: idan saƙon tabbatar da biya ya iso sau biyu, yaya za ka hana a rubuta wa mutum zubi biyu? Wanda ya sha wuya zai ce kowace hada-hada a ba ta lambarta, rumbun bayanai ya ƙi karɓar lambar a karo na biyu. Wanda muka ɗauka bai tsaya nan ba. Ya ce, "Hajiya, in saƙon bai zo ba sam fa?" Ya jawo takarda ya zana yadda za a riƙa daidaita lissafi kowane dare. Ranar muka gama magana.

Malam, Tafo: Ka tambaye shi ina yake ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace. AWS ba ta da babbar cibiya a Ghana, ta Afirka a Cape Town take tun 2020, mu kuwa sabarmu a Ireland take zaune. Injiniyanmu tuni ya tsara wayar wakili ta ajiye zubi a layi har hanya ta buɗe. Mun yi jinkiri, amma ko pesewa ba ta ɓata ba.

Alhaji, daga Nima: Duk wannan gaskiya ne, sai dai riƙe shi ne aiki. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, mu muna biya da sidi. Namu ya samu kamfanin Turai mai biyan yuro, ko ɗakinsa bai bari ba. Ban ga laifinsa ba. Abin da ya ƙona ni, komai na aikin a cikin kansa yake. Yanzu sharaɗina shi ne a rubuta komai, kuma makullan sabar su kasance a hannun mutum biyu.

Injiniya, Ayigya: Iyayena ku yi haƙuri, nima in faɗi namu. Kuna neman gogewar shekara bakwai da albashin ɗan bautar ƙasa, sannan ku tashe shi ƙarfe biyun dare ana dumsor, wato ɗauke wuta. Ku faɗi albashi tun farko, ku saya masa inbata, ku haɗa shi da yaro ɗaya daga jami'ar KNUST ya riƙa koya.

Mai tambaya: Na gode. Hajiya, ranar Asabar za mu gana da mutum biyu, ko za ki zo ki yi musu tambayar nan da kanki?