Na mayar da batir but, kik yana ja da ƙyar idan inji ya ɗau zafi

Assalamu alaikum. Masu wayarin, a taimaka.

Marsandi 190 ce, ina shirya ta don tseren miƙaƙƙen layi na mita 402. Da yake tayoyin baya ne ke ja, na cire batir daga gaba na kafa shi a but, ɓangaren dama, don nauyi ya danna baya. Wayar fozitib ta walda ce mai kauri 35mm², tsawon mita 5, da fis mai amf 250 daf da batir. Nagetib kuwa gajere ne, na ɗaure shi a bodi nan cikin but.

Da safe tana tashi lafiya. Amma da inji ya ɗau zafi, musamman da ranar Kano, sai kik ya riƙa ja kamar batir ya mutu. Idan mota tana kashe, batir yana nuna volt 12.6. Lokacin tayarwa yana sauka zuwa 10.8, amma a kan kik 8.9 kawai nake gani. Caji ma haka: 14.2 a altaneta (na'urar da ke cajin batir), 13.5 a batir.

Na gwada wani batir, na sa wani kik daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, na kankare fenti a wurin nagetib har ƙarfe ya fito. Babu canji. Abin da nake zargi shi ne siririyar wayar da ta haɗa inji da bodi, don tana ɗumi bayan tayarwa.

Shin in ja nagetib mai kauri daga batir kai tsaye zuwa jikin inji, ko fozitib ɗin ne sai ya koma 50mm²? Na gode.