Me za mu kira "glutamate transporter blocker" da Hausa?

Malamai da 'yan'uwa, kwana uku ke nan ina fassara wani darasi kan ƙwaƙwalwa, kuma wannan sunan ya tsaya mini a maƙogwaro. Ku zo mu haɗa kai.

Gulutamet sinadari ne da ƙwayar jijiya ke fesa wa maƙwabciyarta a ɗan gibin da ke tsakaninsu domin isar da saƙo. Saƙo na isa, dole a kwashe shi nan take. In ya taru, zai yi ta zuga ƙwayoyin har su mutu. Masu kwashe shi, wato "transporter", furotin ne guda 5, EAAT1 zuwa EAAT5, kuma EAAT2 ne ke ɗaukar mafi yawan aikin.

Kan "transporter", wani ɗan'uwa ya kawo "ƙofa". Ban yarda ba. Ƙofa buɗe ta ake yi abu ya wuce da kansa. Wannan kuwa riƙe gulutamet yake yi, tare da sodiyam 3 da firoton (haidurojin mai caji) 1, ya tsallaka da su fatar ƙwaya, ya sauke a ciki, sannan ya juyo ɗauke da fotasiyam 1. Ɗauka, kaiwa, dawowa. Ai wannan ɗan dako ne! "Majigilci" ma daidai ne, amma ya yi wa harshe nauyi.

Inda gizo ke saƙar shi ne "blocker". "Mai hanawa" ya yi faɗi, domin sinadaran da ke hana ɗan dako aiki ba hanya ɗaya suke bi ba.

Ku dubi TBOA, wanda Keiko Shimamoto da abokan aikinta a Japan suka bayyana a 1998. Daga asfatet, wani sinadari mai kama da gulutamet, aka ƙera shi, aka maƙala masa wani ƙaton reshe. Yana zama daidai inda gulutamet ke zama, amma reshen ya hana murfin wurin rufewa, sai ɗan dako ya maƙale, ba gaba ba baya. Shi kansa TBOA ba ya shiga ƙwayar. Wannan matoshi ne, ba tantama. Haka ƙanensa TFB-TBOA na 2004, wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Wani sinadarin, PDC, kuwa daban. Ɗan dako na ɗaukarsa ya kai ciki kamar gulutamet, gurbi kawai suke takara a kai. In muka ce masa matoshi mun ɓatar da ɗalibi, domin shigarsa na iya sa gulutamet ɗin ciki ya fito waje, sakamakon gwaji ya rikice. Ni dai na fi son "kishiya".

Sai UCPH-101 na Jami'ar Kofanhagan, mai kama EAAT1 kaɗai. Ba ya taɓa mazaunin gulutamet, a wani gefe yake maƙalewa ya hana furotin ɗin motsi. Jiya da dare kalmar ta faɗo mini: dabaibayi. Bakin dabba a sake, ƙafa a ɗaure.

Abu ɗaya nake roƙo, kada mu ce musu "magani". Kayan ɗakin gwaji ne, kuma a jikin dabbobin gwaji TBOA na iya tayar da farfaɗiya.

Abin da na rubuta a daftarina: "matoshin ɗan dakon gulutamet". Ya yi tsawo, na sani. Wa ke da gajeren da zai rungumi matoshi, kishiya da dabaibayi gaba ɗaya?