Neman shawara kan tsagar da ke jikin robar lagireton mota

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon makanikai da duk wanda ya san aikin lagireto. Tankin sama na lagireton motata na baƙar roba ne, kuma ya yi wata siririyar tsaga da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, dab da wuyan da tiyon sama yake shiga. Idan injin yana da sanyi ba a ganin komai, amma da zarar ya ɗauki zafi sai ruwa ya fara tsattsafowa, ya bar farin busasshen tabo a wurin.

Na wanke wurin, na goge da sanfefa, na shafa gam mai haɗi biyu, ya bushe ya yi tauri, amma bai daɗe ba ya ɓamɓare daga gefe. A fahimtata, robar nailan ce da aka gauraya da zaren gilashi, wadda gam ba ya kama ta sosai, ga ruwan yana kaiwa digiri 90, ga matsin da marfin yake riƙewa, wanda a motata an rubuta 1.1 a kansa.

Shin idan aka huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar, aka narka nailan da ƙarfe mai zafi aka cike ta, gyaran zai jure doguwar tafiya? Ko kuwa tsagar alama ce cewa robar ta tsufa gaba ɗaya, sai dai a canza tankin? Babban tsorona shi ne ruwan ya ƙare a hanya gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone. Allah ya saka da alheri.