Mussel: wane suna za mu ba ta da Hausa?

'Yan'uwa, ina neman shawararku kan wata kalma. Ina rubutu kan kamun kifi da fatsa a teku, sai na ci karo da mussel, halittar ruwan da masunta ke ɗana wa kifi. Koto muna da shi, ƙugiya muna da ita, halittar ce kawai ba ta da tsayayyen suna a bakinmu.

Ga kamanninta. Ɓawo biyu gare ta, baƙaƙe masu ratsin shuɗi, suna buɗewa suna rufewa. Tana manne wa duwatsun gaɓa da wasu zaruruwa da take fitarwa daga jikinta, tana tace ruwa ta ci abin da ya maƙale. Masunci yakan zura wuƙa tsakanin ɓawon ya ciro tsokar. Taushi ne da tsokar nan ƙwarai, in aka wurga fatsa da ƙarfi sai ta suɓule tun kafin ta taɓa ruwa. Shi ya sa ake naɗe ta a jikin ƙugiya da siririn zaren roba, wasu kuma su barbaɗa mata gishiri ta yi tauri. Ƙarninta ne ke janyo kifi, musamman kifin kod na tekunan arewacin Turai.

Wani ya ce mu kira ta dodon koɗi. Ban yarda ba. Dodon koɗi gida ɗaya gare shi, murɗaɗɗe, kuma rarrafe yake yi.

Kawa fa? Ta fi kusa, amma an riga an saba fassara oyster da ita. In muka haɗa su a suna ɗaya, mai karatu ba zai san wacce ake nufi ba.

Wata baiwar Allah ta tuna mini da makankari, kuma gaskiya can zuciyata ta karkata. Ɓawon 'yar'uwar mussel ta kogi ake kira haka, saboda ana kankara da shi. Na san sunan ɓawo ne, alhali masunci tsokar yake so, ɓawon jefarwa yake yi. Amma ai ɓawon ido ke fara gani, kuma kalmar tamu ce, ba aro ba.

Don haka zan rubuta makankarin teku ga halittar, tsokar makankari ga koton. Ku gwada a baki: “Ya ɗana tsokar makankari, ya naɗe ta da zare.” In akwai Basarke ko ɗan masunta da ya gaji wani suna daga iyaye, don Allah ya faɗa mana kafin in miƙa rubutun.