Masu kayan sauti da na intanet: wane kaya ke tafiya a wurinku tun da dala ta tashi?

Mai shago a Sabon Gari, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya wakilin wani kamfanin Chana mai ƙera amfilifaya da rauta (na'urar raba intanet) ya zo shagona tare da dilansu na kasuwar Alaba ta Legas, yana son sanin irin kayan da ya dace su riƙa turo wa Arewa. Na ce ya ba ni kwanaki, don ba na son in amsa da bakina ni kaɗai. Abin da na gani dai shi ne, tun watan Yunin 2023 da Babban Banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, manyan lasifiku masu suna sun koma ado a shago. Kwamitin masallaci zai taya, ya je ya yi wata biyu yana tara kuɗi, ya dawo ya tarar farashi ya sake gaba. Kowa ya faɗi abin da ya gani a wurinsa.

Mai gyara a Zariya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce masa kafin komai ya kawo kayan gyara. Da, in amfilifaya ta ƙone, mai ita sabuwa yake saye ya bar min tsohuwar. Yanzu har waɗanda aka jefa a sito shekara biyar ana kakkaɓe musu ƙura ana kawo min. A nan nake gane kamfanin kirki. Ahuja ta Indiya, wadda ta cika masallatanmu, in ka buɗe ta kana ganin komai a fili, kwayil ɗin lasifikarta kuma ana samu a kasuwa, cikin awa guda an mayar da ita saman hasumiya. Akwai wasu kuwa, ba zan kama suna ba, an goge lambar da ke jikin kayan ciki, an zuba gam an like allon gaba ɗaya. Ƙaramin abu ne ya mutu, amma dole ka ce wa mutum ya yar. Da azumin bara wani liman ya kawo min irin wannan saura kwana uku a fara tafsiri, wata huɗu kacal da saye. Wallahi na ji nauyin gaya masa. Duk wanda ya zo neman shawara bayan nan, na hana shi sayen wannan samfurin, kuma na san ba ni kaɗai nake hanawa ba.

Ma'ajin kwamitin masallaci, Gusau:
Malam ya faɗi gaskiya. Mu kuma damuwarmu wuta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 muka daina tada janareta don kiran salla. Mun sa faifan sola biyu da batir, muka nemi amfilifayar da ke cin wutar batir kai tsaye, ba sai an bi ta inbata ba. Mun bar wata mai ƙarfin wat da yawa, kuma mai sauƙin kuɗi, saboda ba ta da wannan ƙofar ta jona batir.

Mai haɗa intanet, Kaduna:
Ni ɓangaren rauta zan taɓa. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ta fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, nan ne farko a Afirka, kuma da yawanmu mun ɗauka za ta kashe mana sana'a. Sai ga shi aiki ya ƙaru. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar kuɗin wata shi kaɗai, don haka sai a sa faranti ɗaya a ɗakunan kwanan ɗalibai ko layin shaguna, a raba wa mutum talatin ko arba'in. Rabon nan shi ne aikinmu. Na fi amfani da rautar MikroTik, ta ƙasar Latbiya, don tana ba ni damar yanka wa kowa nasa rabon in buga katin awa ko na kwana, kuma batir yana ɗaukarta. A gidaje kuwa TP-Link ce ke tafiya saboda kuɗinta.

Inda na ƙone shi ne wasu na'urori da na sa wa wata makaranta, ashe sai an riƙa biyan kuɗin lasisi duk shekara da dala, lokacin kuma katin naira ba ya biya a waje. Daga aljihuna na sauya su. Alhaji, ka gaya wa baƙonka, kayan da sai an yi ta biyan dala bayan an saya ba za su zauna a nan ba.

Ɗan kasuwa daga Maraɗi:
Mu sefa tana ɗaure da yuro, ba ta faɗi ba, sai ma kayan Kano suka yi mana araha. Amma bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka har Maris 2024, Nijeriya kuma ta yanke mana wuta. A watannin nan duk abin da ba ya aiki da batir bai motsa ba a shagona. Ƙananan lasifiku masu caji da makirfo marar waya su suka riƙe ni.

Hajiya mai hayar kayan biki, Kano:
Ni ma su ne jarina yanzu. Walima, kamu, saukar Islamiyya, duk akwati mai taya da batir a ciki ake nema, mace ɗaya ta ja abinta. Matsalar, batirin ciki ba ya shekara, wasu kuma an rufe su yadda ba a iya sauyawa. Na yi asarar guda uku a haka. Ɗana mai gyara na Zariya, ko kana iya sa musu batir ta waje?

Mai gyara a Zariya:
Ana yi Hajiya, in dai allon cajin bai ƙone ba. A ɗauki hoton bayansu a turo min in gani.

Malamin kasuwanci, Katsina:
Abin da kuke faɗa shi Transsion, kamfanin wayoyi na Chana, ta gane tun da wuri. Su ne masu Tecno da Itel da Oraimo, kuma ba araha kaɗai suka kawo ba, sun buɗe wuraren gyara na Carlcare a garuruwa, mutum ya san inda zai kai kuka. Manyan lasifiku irin su JBL kuwa suna ƙarƙashin Harman, wanda Samsung ta saya a 2017 kan dala biliyan 8, kuma babban cinikin Harman na kayan cikin mota ne. Don haka masallacin unguwa da makarantar Islamiyya fili ne a buɗe ga ƙaramin kamfanin da ya yarda ya zauna da mu.

Mai shago a Sabon Gari, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira wakilin kamfanin ɗazu. Ya ce ƙofar batir ba matsala, amma kayan gyara sai na yi odar kwali ɗari kafin su haɗa min. Ni kaɗai ba zan iya ɗauka ba. Malam na Zariya da ɗan'uwa na Maraɗi, in kuna ciki mu haɗa kuɗi, ku yi min magana kafin Juma'a, ranar Asabar zai koma Legas.