Manyan ɗalibai suna cin zalin ɗana a firamare, ina zan kai ƙara?

Assalamu alaikum. Ina da yaro mai shekara 8 a aji 3 na wata firamaren gwamnati da ke Tudun Wada, Kaduna, kuma yau makonni 5 ke nan wasu 'yan aji 6 su uku suna tare shi a bayan ajujuwa lokacin tara, su ƙwace naira 200 da nake ba shi, idan ya hana kuma su shaƙe shi. Ranar Talata ya dawo da yagaggen aljihu da shatin farce a wuya. Yaron da a da yake riga kowa shiri, yanzu kullum da safe sai ya ce cikinsa yana ciwo.

Na sami malamar ajinsu, ta ce ɗalibanta sun yi yawa, ba za ta iya sa ido a kan kowa a filin wasa ba. Na je wurin hedimasta, ya zane yaran a gaban asambali, wanda a ganina kuskure ne, domin washegari sun huce a kan ɗana, suna kiransa magulmaci. Na koma ba shi abinci a kula maimakon kuɗi, sai suka koma ƙwace abincin. Iyayensu kuwa sun ce wasan yara ne.

Ba na so in cire shi ana tsakiyar zango. Jama'a, tunda hukumar makaranta ta gaza, ta wace hanya zan kai ƙorafi a rubuce ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu har a ɗauki mataki, ba tare da an ƙara tsangwamar yaron ba? Na gode.